Ƙofa Mai Fata a Hawan Tsakiya

Lokacin da na fara aikin jagoran baƙi a Dubai, ɗan kasuwa ba ya saukowa daga jirgi sai da sunan mutum a aljihunsa. Wani a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ne zai rubuta masa a 'yar takarda: in ka isa, nemi wane. Wanen nan shi zai tarbe shi a filin jirgi, shi ya san inda zai kwana, inda zai sami tuwo, shagon da zai shiga da wanda zai wuce bai ko waiwaya ba. Yanzu baƙo yana kishingiɗe a falonsa a Kano ya riga ya kama ɗaki, ya ga hoton gadon, ya duba taurari nawa aka ba otal ɗin. In ya tuna da ni, to kwali ne ya yi masa nauyi.

Samarin da ke zuwa ofishin kago, wato na aika kaya, inda nake zama yanzu a unguwar Abu Hail, ɗalibai da masu albashi, sukan tsokane ni. "Baba Isa, ai waya ta cinye aikinku. Me ke cikin nuna wa mutum otal? Ka duba mai tauraro biyar ka danna, khalas." Ba na musu da su, don shayina zai huce. Amma tunda sun ce babu komai a ciki, bari in rubuta musu abin da ke ciki, da yadda aka yi na rabu da shi.

Wanda ya koya mini aikin Alhaji Mumuni ne, mutumin Zangon Kumasi, Allah ya jiƙansa. Na zo wurinsa ina ji da kaina. Na yi shekaru a Jidda ina yi wa alhazai tafinta, na zauna a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ina da Larabci da Faransanci da Turanci. A satina na farko ya aike ni in dubo masa wani otal a unguwar Deira, kusa da kasuwa, inda yake so ya sauke wasu Hajiyoyi uku daga Damagaram. Na je na dawo cikin rabin sa'a.

"Me ka gani?"

"Ɗakuna fes, gado bibbiyu, ruwan zafi na zuwa, mai risefshan ɗin ma yana da fara'a."

"Lif ɗin maɓalli nawa gare shi?"

Na ce ban lura ba.

"To ba otal ka je ba, ɗan Kano, shan iska ka je. Yarukan nan naka uku duk a baki suka tsaya, babu wanda ya hau ido? Koma."

Na koma. Tsakanin maɓallin ƙasa da na bene na ɗaya akwai wani ƙarami mai harafi ɗaya tak. Na danna. Lif ya buɗe a wani hawa na tsakiya da ba a gane shi daga waje: ɗan lungu babu taga, a ƙarshensa ƙofa mai kauri an lulluɓe ta da fata kamar kujerar mota, gefenta doguwar kujerar mai gadi an jingine ta da bango. Rana tsaka ce, babu kowa, amma kafet ɗin yana warin tsohon hayaƙin taba da giyar da ta zube ta bushe. Da na faɗa wa Alhaji Mumuni sai ya ce, "Yauwa, yanzu ka je. Fatar nan don kada kiɗa ya fito aka sa ta, kuma yana fitowa. Hajiyoyina ba za su hau lif ɗaya da masu shiga ƙofar nan ba."

Ga wanda bai sani ba, dokar ƙasar nan ba ta yarda da gidajen rawar tsiraici ba, irin waɗanda na ga allunansu a Bankok da wasu biranen Turai. Can ƙofar tana bakin titi da fitilunta, mai shiga ya san inda zai shiga, mai wucewa ya sauya hanya. Nan abin da ake da shi ɗakunan rawa ne a cikin wasu otal-otal, mata na rawa a kan dandamali da tufafinsu a jiki, maza na zaune suna sha suna liƙi. Sau da yawa babu allo a waje. Mutumin kirki zai iya kama ɗaki da matarsa a saman wurin bai sani ba, sai bango ya fara gaya masa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Takalmi mai laushin ƙasa, don Deira da ƙafa ake saninta. Ƙaramin kamfas, saboda alamar alƙiblar da ake mannawa a rufin ɗaki wani lokaci mai fenti ne ya cire ta ya mayar inda ya ga dama. Tef ɗin awon kwali. Da littafin aljihu inda kowane otal yake da shafinsa: wanda banɗakinsa yake da tiyon tsarki, wanda ke barin a hau da kaya ɗaki, wanda ke kallon baƙar fata sama da ƙasa kafin ya ce ɗakuna sun cika. Ana zuwa duba otal da hantsi, a bi ta bayansa a ga irin kwalaben da ake fitarwa. A tsaya wurin masu shara a gaisa. Alhaji Mumuni ya tilasta mini koyon yaren Indiya saboda su kawai. Ya ce manaja zai gaya mini abin da aka ce ya faɗa, mai shara kuwa ya san abin da ya share.

Baƙona mafi daɗewa Alhaji Ɗanlami ne, mai sayar da yadi a Kantin Kwari. Zuwansa na farko da 'yar jaka ɗaya ya zo, ba a ma fara ce masa Alhaji ba. Kuɗin otal ya fi ƙarfinsa, sai na shimfiɗa masa katifa a fulat ɗinmu na Karama, mu biyar a ɗaki shi na shida. Ni na kai shi wurin Ba'indiyen da ya yarda ya yanka masa yadi ƙasa da dila. Ni na hana shi sayen wani leshi da ke zuba, na jiƙa gefensa da ruwan gora a gaban mai shagon har hannuna ya rine. Shekara goma sha takwas muna tare. Ya tashi daga jaka zuwa kwali, daga kwali zuwa kwantena. In ya tashi gabatar da ni ga abokansa cewa yake, "Wannan shi ne idona a Dubai." Ta hanyarsa na sami rabin baƙina, musamman matan da mazansu ke turowa sarin gwal da abaya, don miji ba ya ba matarsa lambar kowa sai wanda wani babba ya tsaya masa.

Sharhin waya a hankali ya shigo mana. Kowane otal, kowane gidan abinci, wanda ya je zai iya rubuta abin da ya gani, ya ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar, da sunansa da hotonsa a jiki. Da farko na yi maraba da shi, don gwiwoyina sun fara ƙorafi. Na zauna na karanta na mutanenmu. "Masha Allah, wuri mai kyau." "Mun ji daɗi sosai, Allah ya ƙara buɗi." Otal ɗin da na san banɗakinsa na ɗiga a kan na ƙasa, tauraro biyar. Na tare wani ɗan Katsina mai sarin kayan mota na nuna masa nasa.

"Alhaji, ba kai ka kira ni kana faɗa kan kyankyasai a otal ɗin nan ba?"

"Ni ne."

"To wannan biyar ɗin ta mece ce?"

"Haba Malam Isa. Mutanen nan sun yi mana hidima, mai risefshan har jaka ya ɗaukar mini. Sai in je in tona musu asiri a gaban duniya? Ni dai ba zan koma ba, shi ke nan."

Kara ce, kuma a gida abu ne mai kyau. Amma wanda zai zo bayansa bai san ya ce ba zai koma ba, biyar ɗin kawai zai gani. Wannan kyankyaso ne ma. Maganar ƙofa mai fata kuwa, ban taɓa ganin Bahaushe ɗaya ya rubuta ta ba, ko da kiɗan ya hana shi barci sati guda. Duk wanda ya rubuta cewa akwai wurin rawa a hawan tsakiya, ya san tambayar da ke jiransa a kasuwa: kai ya aka yi ka sani?

Inda na gano sharhi mai amfani Bankok ne. Na raka wasu 'yan kasuwa huɗu sarin takalma, otal ɗin da muka saba ya cika, aka nuna mana wani a titin da ban sani ba, ga shi babu lokacin zagayawa da ƙafa. Wani ɗan Labanan mai harkar jiragen kaya ya ce mini, "Habibi, kada ka karanta abin da aka rubuta kan otal ɗin. Buɗe taswira ka ga gidajen rawar da ke kewaye da shi, ka karanta nasu." Na yi ta'awizi na buɗe. Wani Bature ya rubuta kan wani gidan rawar tsiraici da ke bayan otal ɗin. Ya faɗi ranar da ya je. Ya ce ƙofar gaba a rufe take, ta lungun otal ake shiga. Ya faɗi lokacin da kiɗa ke farawa da lokacin da yake tsayawa, ya ce masu kiran kwastoma na tsayawa a bakin otal ɗin suna jan hannun rigar duk namijin da ya fito. Layi takwas. Abin da na koya game da titin nan a layi takwas ɗin, sharhi ɗari biyu na otal ɗin ba su gaya mini ba. Muka nemi wani masaukin.

Mutumin nan ba abokina ba ne, kuma ban yaba abin da ya kai shi ba. Amma na daɗe ina tunanin abin da ya sa rubutunsa ya yi amfani namu bai yi ba. Shi don wanda zai bi ta ƙofar gobe yake rubutu, mu don mai otal muke yi. Ba ya jin nauyin kowa a wurin, babu wanda ya ɗaukar masa jaka. In an cuce shi zai faɗi yadda aka yi daki-daki, abin da aka ce masa a ƙofa da abin da ya tarar a ciki, ko da labarin ya nuna shi wawa ne. Ba ya cewa wuri mai kyau ya yi shiru, sai ya faɗi hawa na nawa, wane lif, su wa ke cika wurin, ƙarar ta kai ina.

Daga nan na mayar da shi cikin aiki. Kafin in sauke iyali a kowane otal, sai na duba ko akwai wani wuri mai wani suna daban a adireshi ɗaya da shi, in karanta abin da masu zuwa can suka ce. Su ma ba duka ake ɗauka ba. In ka ga biyar-biyar guda ashirin sun zubo rana ɗaya da kalmomi iri ɗaya, manaja ne da danginsa. In ka ga tauraro ɗaya da zagi zalla, wani ne ya bugu aka fitar da shi. Wanda ya rubuta shekara uku da ta wuce labarin wani wuri yake bayarwa, don wuraren nan suna sauya hannu fiye da motar haya. Mai amfani yawanci tauraro uku ne, dogo, babu daɗin karatu, daga mutumin da in ka danna sunansa za ka ga ya taɓa yabon wani wurin ya kushe wani. Kowace ƙabila da salonta. Bature yana rubutu kamar zai kai kotu. Ba'indiye sai ya fara da mawaƙa da ingancin lasifika kafin ya zo kan abin da nake nema. Ɗan Rasha kalma biyar zai jefa, amma babu ta banza. Balarabe kamar mu yake, taurari da addu'a. Ni ban taɓa tura ƙofa mai fata a lokacin da take aiki ba, amma babu wadda ke Deira da ban san lokutanta ba.

Shekarar korona ce ta karya mu. Jirage suka tsaya, kasuwa ta zama kamar an share ta. Na sayar da motata, na koma tuƙa ƙaramar motar ɗaukar kaya ta wani Bafakistane, ina ɗauko ganye da dabino daga gonakin Hatta zuwa shagunan Karama. Tafinta mai yare biyar yana jidar kwandon tumatir. Muna fara farfaɗowa kuma aka tsayar wa 'yan Najeriya biza, muka sake zama. Da hanya ta buɗe, Deira ɗin da na sani ba ita na tarar ba. Otal-otal da yawa sun koma hannun wasu, sunan yana nan, allon yana nan, cikin ya canza. Rabin littafin aljihuna ya zama ƙarya. Baƙin kuma, a zaman da suka yi a gida, 'ya'yansu sun koya musu kama ɗaki a waya.

A cikin wannan hali Alhaji Ɗanlami ya kira ni. Zai kawo mahaifiyarsa, Hajiya Babba, a yi mata aikin ido, tare da matarsa Hajiya Rabi da babban ɗansa Nazifi, wanda ya gama jami'a yake riƙe masa shago. Ya ce, "Ba sai ka wahala da masauki ba, Nazifi ya kama mana a waya. Kai dai mota da asibiti." Ya faɗi sunan otal ɗin. Na san shi sarai, tsohon masaukin Hausawa ne. Hawan tsakiyarsa ɗakin cin abinci ne a da, mun sha buɗa-baki a wurin, mu ture tebura mu yi salla.

Duk da haka na duba, don al'ada. A adireshin sai ga wani sabon suna. Wani Ba'indiye ya rubuta sati biyu kafin nan, tauraro uku: ta lif ɗin otal ake shiga, a danna maɓallin tsakiya, kiɗa daga goma zuwa kusan uku, mawaƙan ba laifi, amma ƙarar ta yi yawa har yana tausayin masu kwana a bene na ɗaya da na biyu. Bayan azahar na je da ƙafata. Inda ƙofar gilashin ɗakin abinci take a da, fata ce. Mai sharar, ɗan Nepal, ya ce ɗakunan bene na ɗaya har kofi yakan yi tafiya a kan tebur. Na tambayi risefshan ɗakunan Alhaji. Bene na ɗaya. Nazifi ne ya roƙi na ƙasa-ƙasa saboda kakarsa.

Na kira Alhaji na ce a sauya masauki. Ya ce in yi magana da Nazifi.

"Baba Isa, ina wuni. Otal ɗin fa tauraro huɗu da rabi gare shi, kuma duk mutanenmu ne suka rubuta."

"Na gani. Ka dai sauya, zan samo muku wani kusa da asibitin."

"Me ya same shi?"

"Ba wurin tsofaffi ba ne yanzu."

Ya yi 'yar dariya, cikin ladabi. "Ko dai Baba akwai inda ake ba ku la'ada ne? Ka faɗa mini, ai ba komai."

Wannan maganar ce ta kai ni ga kuskuren. Na san abin da Alhaji Mumuni zai yi. Zai ce tankin ruwan otal ɗin ya fashe, ko keken guragun Hajiya Babba ba zai shiga lif ba, ya kwashe su ya kai wani wurin, kowa ya tafi da mutuncinsa, babu wanda ya furta kalmar rawa. Sau nawa na ga ya yi haka, sau nawa ni ma na yi. Amma an ce mini mai cin la'ada, ga kuma hujja a aljihuna. Na ce bari su iso in nuna musu da idonsu.

Da hantsi suka sauka. Na kawo su otal ɗin, Hajiya Babba a keken guragu da baƙin tabarau, Hajiya Rabi a gefenta. Kafin a karɓi makulli na ja Alhaji gefe. Nazifi ya biyo mu, ban ce ya koma ba. Wannan ma kuskure ne. Irin wannan magana ba a yin ta uba da ɗa suna tsaye wuri ɗaya, yaron goye ma ya san haka a Kano. Na buɗe wayar na fassara musu abin da Ba'indiyen ya rubuta, layi bayan layi. A saman shafin akwai hoto: dandamali da fitilu masu launi, mata a jere.

Nazifi ya kalli hoton, ya kalli mahaifinsa.

"Amma Alhaji, ai nan ka sauka bayan Babbar Salla. Naka sharhin ma na gani na kama."

Ya ciro tasa wayar ya juyo mana ita. Ga sunan Alhaji, ga hotonsa da hula zanna, tauraro biyar. "Masha Allah, wuri mai natsuwa." Ban taɓa ganin sharhin ba, don na daɗe da daina karanta na mutanenmu. Ban kuma san ya zo Dubai wata huɗu da suka wuce ya koma bai kira ni ba.

Daga can Hajiya Babba ta ɗaga murya. "Isa, me ake ta ƙus-ƙus ne? Ni dai a kai ni in miƙe ƙafa, jirgin nan ya naɗe ni kamar tabarma."

Alhaji ya gyara hularsa. Bai kalli ɗansa ba, ni ya kalla.

"Ni kwanana uku a nan, ban ga komai ba, ban ji komai ba. Malam Isa, da furfurarka, me ya kai ka shafin 'yan rawa? Har ƙarfe nawa suke farawa ka sani?"

"Alhaji, aikina ne in sani."

"Ba aikin da na sa ka ba ke nan. Nazifi, karɓo makulli."

Ban ce ya shiga ƙofar ba, ban sani ba, kuma ba na zarginsa. Wataƙila a bene na shida ya kwana, wataƙila ya ji ya kawar da kai kamar kowa. Amma a gaban ɗansa abu biyu kawai na bar masa: ko ya yarda ya sani ya yi shiru har ya yaba, ko kuma ni ne mai leƙe-leƙe. Jagoran kirki yakan bar wa baƙo hanya ta uku. Ni na toshe ta da hannuna, shi kuma ya zaɓi wadda kowa zai zaɓa.

Washegari da safe na zo da mota don asibiti. Ana saka Hajiya Babba a kujera ta ce, "Isa, garin nan kullum biki ake yi? Gadona har rawa yake, ban runtsa ba. 'Yar wa ake aurarwa?" Hajiya Rabi ta sunkuyar da kai, Nazifi ya ƙura wa titi ido, Alhaji yana jan carbi. Na ce mata, "Hajiya, baƙi ne." A asibiti aka auna ta, jininta ya hau, likita ya ɗaga aikin kwana biyu. Da la'asar Nazifi ya kira ni ya ce sun gode, sun sami wani direban. Mai sharar nan ne ya gaya mini sun tashi a ranar. A risefshan sun ce keken tsohuwa ne ba ya shiga lif da kyau.

An yi aikin idon lafiya, na ji daga baya. Alhaji bai sake kirana ba, na kira sau biyu ba a ɗauka ba, na bari. Sharhinsa yana nan har yau, bai goge ba, don gogewa ma amsa laifi ne.

Labarin ya riga su isa Kano. Ban ce Alhaji ne ya yaɗa ba, a kasuwa magana ba ta buƙatar mai ɗauka. Abin da aka ce shi ne Malam Isa ya san duk gidajen rawar Dubai, da hawansu da lokutansu. Babu ƙarya a ciki, shi ya sa ban iya musantawa ba. Hajiyoyin gwal suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wata da na yi wa hidima shekara tara ta haɗu da ni a kasuwa, ta ja mayafi ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, maigida ne ya ce in nemi mace." Sai wata sabuwar irin waya ta fara shigo mini, daga samarin 'yan kasuwa da ban taɓa gani ba. Bayan doguwar gaisuwa sai murya ta yi ƙasa: "Baba, an ce kai ne ka san gari." Na uku da ya faɗa mini haka, na cire layin wayar da na riƙe tun zamanin Alhaji Mumuni na jefa a kwandon shara.

Wani ɗan Gana da muka yi zaman Karama tare shi ya ba ni kujera a ofishin kago. Ina auna kwali, ina rubuta suna a jiki, ina yi wa direbobi tafinta. Samari, aikin da kuke cewa babu komai a ciki ke nan. Waya ba ta yi muku ƙarya ba, gaskiyar tana cikinta, a shafin da kuke jin kunyar a gan ku kuna karantawa, da yaren mutanen da ba za ku so a gan ku tare ba. A da akwai mutumin da ake ba amanar ya karanta a madadinku, ya ɗauke ku ya kai wani wurin bai ce komai ba. Wannan mutumin babu shi kuma a Deira, babu kuma mai koyon aikinsa. Iyayen mutanenmu da matansu yanzu suna kwana inda taurari suka kai su, babu mai gaya musu abin da ke ƙarƙashin gadonsu. Ni ma na daina.